Kafa Ƙungiyar Kiɗa: Abin da Yamai da Agadas Za Su Koya wa Kano

Duk mai bibiyar waƙoƙin da matasanmu ke fitarwa a 'yan shekarun nan ya san akwai wata ƙishirwa da ke damunsu. Sun gaji da kiɗan da ya zama iri ɗaya, suna neman wani abu sabo da za a ce nasu ne. Wannan ya ce zai haɗa kalangu da hip-hop, wancan ya ce zai gwama gurmi da kiɗan Legas, wani kuma ya ɗauko amon Indiya ya ɗora masa na Larabawa. Niyyar tana da kyau, ina kuma goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Inda nake da magana shi ne hanyar da ake bi. Mawaƙi zai shiga situdiyo shi kaɗai, ya tarar da mai fiyano a gaban kwamfuta, ya rera masa amshi. Mai fiyano ya lalubo sautin kalangu da aka riga aka naɗa, ya manna shi a kan bugun inji. Kafin magariba an gama, an saki waƙa, an ce an ƙirƙiro sabon salo. Kafin a je ko'ina kuma an manta da ita, domin wata irinta sak ta fito.

Ra'ayina a nan ɗaya ne: salon kiɗa sabo, wanda zai rayu har wasu su gaje shi, ƙungiya ce ke haifar da shi. Mutum biyar ko bakwai ko goma, kowa gwani a kan abin da ya iya, su daɗe suna kiɗa tare a ɗaki ɗaya har kunnuwansu su saba da juna. Tarihin kiɗan Afirka ta Yamma na shekaru sittin da suka wuce ya tabbatar da haka, kuma hujjar da ta fi kusa da mu tana nan maƙwabta, a Jamhuriyar Nijar.

Mu fara da misalin da duniya ta fi sani. Fela Anikulapo Kuti, haifaffen Abekuta a 1938, ya tafi Landan a 1958 ya karanci kiɗa a kwalejin Trinity, a can kuma ya kafa ƙungiyarsa ta Koola Lobitos. Da ya dawo gida a 1963 ya ci gaba da haɗa hailaif da jaz, amma abin bai karɓu nan take ba. Sai da ya kwashi 'yan ƙungiyarsa suka yi kusan wata goma a Amurka a 1969, suka ji kiɗan fank na baƙar fatan can, shi kuma ya sha karatun gwagwarmayarsu, sannan abin da ake kira Afrobit ya tsaya da ƙafafunsa. Kusan shekara goma ke nan ana lalube. Kuma ba shi kaɗai ya yi laluben ba. Tun 1964 Tony Allen ke zaune a bayan ganguna, mutumin da ya iya sa hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu kowanne ya riƙe bugunsa daban, ya narkar da salon jaz a cikin bugun Yarabawa da na hailaif. Fela da bakinsa ya ce in ba don Allen ba, da babu Afrobit. Bayan sun dawo Legas, a gidan wasansu na Shrine suke gwada kowace sabuwar waƙa a gaban jama'a, dare bayan dare, sai ta nuna sannan a naɗe ta a faifai. Situdiyo shi ne zango na ƙarshe a wurinsu. Mu a yau mun mayar da shi na farko.

To, mu dawo kusa da gida. A 2004 aka gayyaci ƙungiyoyi biyu daga Nijar zuwa bikin kiɗan hamada da ake yi a wancan lokaci kusa da Tumbuktu a Mali. Ɗaya ta Abzinawa ce masu jitar lantarki, ɗaya kuma ta Fulani Woɗaɓe, waɗanda muka fi sani da Bororo. Waɗannan al'ummomi biyu sun daɗe suna kiwo a daji ɗaya, suna shayar da dabbobi a rijiyoyi ɗaya, suna haɗuwa a bikin gishiri na Ingal kowace shekara, amma kowa da kiɗansa. Woɗaɓe ba su san jita ba. Nasu murya ce da tafi: ɗaya ya ja dogon amo, sauran su shigo a kansa ɗaya bayan ɗaya har sautin ya yi kauri, ga ƙwarya a kife cikin ruwa ana bugawa, ga ƙarafa a ɗaure a ƙafa suna kacau-kacau. Abzinawa kuwa ga jita, ga gangar tende da ake yi da turmi da fata. Da suka hau dandamali tare suka ga abin ya zauna, sai suka dunƙule suka zama ƙungiya ɗaya mai suna Etran Finatawa, suka fitar da faifansu na farko a 2006, suka zaga Turai da Amurka. Abin lura shi ne babu ɓangaren da ya ari kiɗan ɗan'uwansa ya yi kwalliya da shi. Masu kiɗan ne da kansu suka zo, kowa ɗauke da abin da ya tashi da shi tun yarinta.

A Yamai kuma akwai Tal National, wadda Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a 2000. Mutum ne da ya yi aikin alƙalanci a kotu, ya kuma yi koyarwa a gidan marayu, sai dare ya yi ya rataya jita. Ya tara Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Abzinawa a ƙungiya guda, ga jita, ga gangunan Turawa, ga kalangu a tsakiya. An san su da yin wasa kusan dare biyar a mako, kowane wasa ya kai awa biyar, har sai da suka tanadi makaɗa fiye da ɗaya a kowane gurbi domin wani ya huta wani ya karɓa. A kan tituna da shataletale na Yamai suka riƙa sayar da faifansu da hannunsu. Sai a 2013, bayan shekara 13 da kafuwa, faifansu mai suna Kaani ya fita kasuwar duniya ta hannun wani kamfani na Ingila. Wanda ya saurare su zai ji kiɗa mai gudu ƙwarai, yana sauya bugu a tsakiyar waƙa kamar an yi ƙiftawar ido, kuma duk su juya tare babu wanda ya yi tuntuɓe. Irin wannan jituwa ba a samun ta sai mutane sun yi dubban awoyi suna gumi tare.

Kafin su akwai Mamar Kassey, wadda mai busa sarewa Yacouba Moumouni ya jagoranta tun 1995, inda aka zaunar da sarewar Fulani da molo da kalangu da ƙwarya kusa da jitar lantarki. Wannan ƙungiya ta amfana da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, wurin da makaɗan gargajiya da masu kayan zamani ke cuɗanya kullum. A wannan cibiya ce marigayi Malam Maman Barka, gwanin gurmi, ya yi aiki. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin Tafkin Chadi wurin Boukar Tar, tsohon da ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya kaɗa biram, abin kiɗan masunta Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya zauna ya koya a hannunsa, ya ceto abin daga ɓacewa. Wato a Nijar an fahimci cewa mai son yin sabon abu sai ya fara durƙusawa gaban tsoho.

Misalin da ya fi taɓa mu kai tsaye shi ne na Mdou Moctar, Ba'abzine daga jihar Tawa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da hannunsa da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin kayan aikin da ake yin waƙoƙin finafinanmu: gangar inji da manhajar lanƙwasa murya. Waƙoƙin sun bazu a Sahel ta wayoyin hannu, daga wannan katin waya zuwa wancan, har suka kai kunnen wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds. Situdiyon Sakkwato ya buɗe masa ƙofa, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya sa manyan dandamalin duniya ke rububinsa a yau shi ne ƙungiyar mutum huɗu da ya tsaya da ita: shi da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun a babbar jita mai kaurin murya. Su ne suka yi Afrique Victime a 2021, inda kiɗan Abzinawa da rok suka zama abu ɗaya da ba a iya raba su. Mutum ɗaya ne, ya bi hanyoyin biyu, kuma kowa na iya saurare ya ji bambancin da kunnensa.

Me ya sa sai da ƙungiya? Domin haɗa kiɗa biyu yana da ƙulli uku, kuma duk ukun sai da mutane masu rai ake kwance su.

Ƙulli na farko shi ne bugu. Yawancin kiɗan da kwamfuta ke bayarwa a shirye yana tafiya ne huɗu-huɗu, a miƙe, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa. Kaɗe-kaɗenmu da yawa kuwa suna tafiya ne uku a kan biyu, wani makaɗi na ƙirga uku, wani na ƙirga biyu, su haɗu a gaba su sake rabuwa. Ga kuma wata 'yar jinkiri ko 'yar gaggawa da gwanin makaɗi ke yi da gangan, wadda ita ce ke sa kafaɗar mai sauraro ta motsa. In aka tura kalangu cikin layin inji, wannan daɗin shi ne farkon abin da ke mutuwa. Amma in mai kalangu da mai gangunan Turawa suka zauna suna kallon hannun juna, za su yi ta karo na makonni, rannan sai su dace da wani bugu na uku wanda babu ɗayansu da ya zo da shi. A nan ne sabon salo ke tsira.

Ƙulli na biyu shi ne amo. Fiyano an ɗaure shi a kan matakai goma sha biyu da ba sa motsi. Goge kuwa ba shi da wannan iyaka. Dubi mai goge da kyau: gogensa ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, tsirkiyarsa gashin wutsiyar doki, ya goga mata ƙaro, ya ɗora yatsunsa a gefenta ba tare da ya danne ta ba, sai amon ya riƙa zamewa daga wannan mataki zuwa wancan kamar muryar mutum. Mai kalangu kuma da hammatarsa yake magana: ya matse tsirkiyoyin fatar ta ɗaure amo ya hau, ya sassauta amo ya sauka. Ko yanayin gari yana taɓa su. Da damina fata kan yi sanyi ta saki, sai an kai ta rana ko an nuna mata wuta. Saboda haka tilas a yi yarjejeniya: wa zai bi wa? In aka ce kullum goge ne zai bi fiyano, an kashe gogen. Ƙungiyoyin Nijar da suka yi nasara jitar suka lanƙwasa ta bi hanyar molo da gurmi, shi ya sa in ka ji jitar Agadas ba za ka ce ta Landan ce ba.

Ƙulli na uku shi ne harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, mai dogon wasali da gajere. Kalma tana da hawanta da saukarta tun kafin a sa mata kiɗa. Idan aka ɗauko karin waƙar wata ƙasa aka cusa kalmomin Hausa a ciki da ƙarfi, sai ka ji an ja inda ya kamata a taƙaita, an ɗaga inda ya kamata a sauke, har mai sauraro ya kasa gane abin da ake faɗa sai ya nemi a maimaita masa. Manyan mawaƙanmu ba su taɓa yin wannan kuskure ba, domin kiɗansu daga bakin magana ya taso. A ƙungiya, mai kalangu shi ne mai gadin harshe: in mawaƙi ya karya kalma, kalangu ba zai iya faɗinta ba, nan take kowa ya ji.

Zuba tattasai da albasa da daddawa da man ja a tukunya ba shi ne miya ba. Sai an hura wuta, an ba su lokaci, kowanne ya saki ɗanɗanonsa cikin ɗan'uwansa. Yawancin abin da muke kira haɗin salo a yau kayan miya ne a tukunyar da ba a ɗora a murhu ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Ƙasar Hausa ta san ƙungiyar kiɗa tun kafin a kawo jita. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba su kaɗai suke tsayawa a ƙofar fada ba. Akwai masu kotso, akwai 'yan amshi da ke riƙe gindin waƙa, waɗanda sun san zuciyar jagora har ya fara ɗan waƙa su ƙarasa masa. Akwai sanƙira mai fayyace wa jama'a abin da aka ce da wanda aka yi domin sa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take a fagen wasa, kuma hakan ya yiwu ne domin masu kalangunsa sun daɗe da shi har sun san inda zai juya kafin ya juya. Barmani Choge, da ta rasu a 2013, da matan da ke buga mata ƙwarya haka suke. Ko Ɗanmaraya Jos, wanda aka sani shi kaɗai da kuntiginsa na gwangwani da tsirkiya ɗaya, hannunsa ne ke kiɗan a gaban mutane, yana sauya shi gwargwadon yadda fili ya ɗauka.

Haka kuma karɓar baƙon abu ba sabon al'amari ba ne. Masana tarihin kiɗa sun nuna cewa algaita da kakaki, da muke alfahari da su a fadojinmu, sun iso ne ta hulɗar Sahara da Arewacin Afirka. Mandiri ma daga waje ya zo ya zauna a Kano har ya zama ɗan gida. A shekarun 1970 da 1980 Bala Miller ya tsayar da babbar ƙungiya a Kaduna yana yin hailaif da Hausa, da kayan busa da jita, har gidan talabijin na ƙasa ya ba shi shiri nasa. Saboda haka mai cewa haɗa kiɗan Hausa da na waje ɓata al'ada ne, tarihi bai goya masa baya ba. Al'adar da ta daina karɓa da bayarwa ita ce ke mutuwa. Sharaɗin kawai shi ne baƙon ya shigo ya koyi zaman gidan.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko za su ce kiɗan fiyano na finafinan Hausa, wanda ake kira nanaye, shi ma ai haɗin salo ne, kuma ya yi nasara. Haka ne. Ya samo asali daga shekaru masu yawa na kallon finafinan Indiya a gidajen silima na Arewa, da shigowar fiyanon Yamaha situdiyoyin Kano a shekarun 1990. Ya samar da sana'a ga dubban matasa, ya kuma fito da mawaƙa masu azanci da zalaƙar harshe da babu mai musun baiwarsu. Sai dai ƙarfinsa yana cikin kalmomi da murya, kiɗan kuwa ya daɗe a tsaye wuri ɗaya. Raunin yana fitowa fili a ranar biki: a sa faifai a na'ura, mawaƙi ya riƙe makirfo yana bin muryarsa da aka naɗa. Ba zai iya tsawaita waƙa ba in fili ya yi zafi, ba zai iya tsayar da kiɗa ya yi wa wani kirari ya koma ba sai an latsa maɓalli. Manyan bukukuwan kiɗa na duniya kuwa masu kiɗa da hannu suke gayyata. Shi ya sa Tinariwen ta Abzinawan Mali ta ci kyautar Grammy a 2012, Bombino na Agadas ya shiga jerin 'yan takararta a 2019, alhali masu jin Hausa sun ninka masu jin harshen Abzinawa sau da yawa, amma da wuya ka ga ƙungiyar kiɗan Hausa daga Najeriya a irin waɗannan wurare.

Na biyu za su ce kuɗi. Ciyar da mutum takwas, da sayen kayan kiɗa, da hayar ɗakin bita, da man janareta, da motar ɗaukar kaya, ya fi ƙarfin matashin da ke neman na abinci. Wannan ita ce hujja mafi nauyi. Amma a duba Agadas, garin da bai kai Kano ko Kaduna arziki ba ko kusa. Ƙungiyar Etran de L'Aïr, ta 'yan'uwa da dangi, ta fara ne a 1995 da jita ɗaya da ƙwarya, ta kuma rayu fiye da shekara ashirin a kan bukukuwan aure da suna kafin wani kamfanin waje ya fitar da faifanta a 2018. A ƙauyen Illighadad kuma Fatou Seidi Ghali ta koyi jita da ta ɗan'uwanta, ta haɗa ta da kiɗan tende na mata, ta kafa ƙungiyar da ta kai har Turai. Mu a nan akwai kamu da wuni da dina da hawan Sallah da kalankuwar ɗalibai da naɗin sarauta, kuma ana kashe maƙudan kuɗi a cikinsu. Kasuwar tana nan. Abin da ya rage shi ne masu biki su saba da neman ƙungiya mai kiɗa da hannu, su kuma biya ta haƙƙinta.

Na uku shi ne kallon da al'umma ke yi wa makaɗi. Da yawa daga 'ya'yan gidajen kiɗa sun ajiye kalangu da kotso domin gudun a kira su maroƙa, yayin da mai fiyano ake ce masa injiniya ko furodusa. Wannan hasara ce babba, domin ilimin da ke hannun waɗannan gidaje ba a rubuce yake ba, in tsoho ya tafi ya tafi da shi. Ƙungiya irin wadda nake magana a kai tana iya gyara wannan, in har an ɗauki mai kalangu a matsayin cikakken ɗan ƙungiya, da sunansa a jikin faifai da kasonsa a cikin kuɗi. In kuwa an kira shi ne ya yi bugu biyu a sallame shi da kuɗin mota, to an ci da guminsa ne kawai.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi kashe ƙungiyoyi, wato rabo. Ƙungiyar Fela ta Africa 70, duk da ƙarfinta, ta watse ne bayan wasan da suka yi a Balin ta Jamus a 1978, saboda ƙorafin kuɗi, kuma Tony Allen da kansa ya kama gabansa a wannan tsakani. In hakan ta faru da su, babu wanda ya fi ƙarfin ta faru da shi. Saboda haka duk masu shirin kafa ƙungiya su zauna tun kafin naira ɗaya ta shigo, su rubuta: wa ke da sunan ƙungiya, yaya za a raba kuɗin wasa, yaya za a raba na faifai da na intanet, wa za a rubuta a matsayin mai waƙa da wanda ya tsara kiɗa, me zai faru in wani ya fita. A Najeriya akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka da sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2023, a Nijar akwai ofishin BNDA. A yi rajista, a ajiye takarda, a sa shaidu. Kunyar yin maganar kuɗi tsakanin abokai ita ce ke zama gaba daga baya.

Ga matashin da ke da wannan buri, shawarata ita ce kada ka fara da tambayar salo nawa za ka haɗa. Fara da tambayar wanne ka iya har cikin ƙashinka. Wanda bai ƙware a kiɗa ɗaya ba, ba shi da abin da zai kawo wurin haɗi. Sannan ka nemi mutane, kada ka tsaya ga abokan unguwa masu ra'ayi irin naka. Je ka gidan makaɗa ka gaida dattijo, ka roƙi ya haɗa ka da ɗansa ko almajirinsa. Nemi mai jita ko mai busa a Sabon Gari ko Jos ko Kudancin Kaduna, inda matasa da yawa suka koyi kayan kiɗa a coci suka ƙware. Nemi mai sarewa a ruga. Ku zaɓi bugu ɗaya ya zama ƙashin bayan kiɗanku, sauran su jingina da shi. Ku sa ranar bita ku riƙe ta kamar ranar kasuwa. Ku yi wasa a gaban mutane tun kuna jin kunyar kanku, domin ƙafar mai rawa ce za ta gaya muku gaskiyar da aboki ba zai faɗa ba. Kwamfuta da situdiyo su zo daga baya, su adana abin da kuka riga kuka dafa. Kuma ku sa a ranku cewa aikin shekaru ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Sauran jama'a ma da nasu nauyin. Gidajen rediyo da talabijin na jihohi suna da tarin tsofaffin faya-fayan makaɗanmu a ɗakunan ajiya. Su fito da su, su kuma ware lokaci ga ƙungiyoyi masu kiɗa kai tsaye. Jami'o'inmu sun yi aiki mai yawa a kan nazarin waƙar baka, irin wanda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi a Jami'ar Bayero. Lokaci ya yi da za a ƙara da ɗakin da za a koyi bugun da hannu, a ɗauki tsofaffin makaɗa a matsayin malamai a biya su. Hukumomin al'adu na jihohi su buɗe ɗakunansu ga matasa su yi bita. Masu hali da ke ɗaukar nauyin biki su tambaya ko akwai masu kiɗa da hannu kafin su biya.

Nijar ba ta fi mu yawan makaɗa ba, ba ta fi mu kuɗi ba, ba ta fi mu kasuwa ba. Abin da ta riƙe muka saki shi ne zaman mutane tare a kan kiɗa ɗaya na tsawon shekaru. Matasanmu masu son a san su da sabon salo, ku tara junanku, ku nemi dattawan da suka rage tun suna raye, ku fara bita a wannan makon.